Bindigar Delbert ta Tsallaken Iyaka

A bukkarmu ta farauta, can bayan dutsen Tuttle, akwai wani bango da baƙi kan ɗauka tsummokara muka shanya. Ba shanya ba ce, jelar riguna ce. Tun zamanin kakanni haka muke yi: duk wanda ya harbi barewa ya kuskure, da ya dawo sai Baba Elmer, shugaban bukka, ya zaro wuƙarsa ya yanke masa jelar riga ta baya, a kafe ta a bango da ƙusa. Kowa yana da tasa a wurin. Ni ma ina da 'yan kaɗan, duk da dai iska ce ta jawo mini. Amma Delbert Yanko, shi ɓangare guda aka ware masa, daga taga har bakin murhu. Rigunansa duk sun zama guntaye. In ya sunkuya a coci, mutanen layin baya sukan ga abin da ba shi suka zo gani ba.

In ka tambayi Delbert, bai taɓa kuskure ba a rayuwarsa. Wata shekara rana ce ta shiga idonsa. Wata shekara barewar ce ta yi tuntuɓe daidai lokacin da harsashi ya iso. Kuma ban da harbi, ya san doka. An taɓa kiransa cikin mutanen gari masu taya alƙali sauraron shari'a, a kan wani injin yankan ciyawa da aka sace, to tun daga ranar ya zama lauyan garinmu, wanda ba wanda ya ɗauka.

Abin da Delbert yake ji da shi a duniya shi ne Kujerar Sama. Wani dakalin katako ne a saman ƙaton itace, daidai inda hanyoyin barewa suke haɗuwa kafin su gangara rafi. Duk dajin babu mazauni kamarsa. Daga ubansa ya gada. Sai dai bukka tana da ƙa'ida: wanda ya kuskure shekara uku a jere daga Kujerar Sama, ya sauka ke nan, na bayansa ya hau. Delbert ya riga ya ci biyu. Ta bayansa kuwa ita ce Marlene Tennant, mai shagon bindigogi na garinmu, wadda ta daɗe tana zama a wani kwari mai laka inda ko zomo ba ya bi sai ya ɓata hanya.

Ana saura 'yan makonni a buɗe farauta, Delbert ya shiga shagon Marlene ya dangwarar da tsohuwar bindigarsa a kan kanta. Muna nan tsaye muna sayen harsashi.

"Bakinta a karkace yake," ya ce. "Ke kika gyara ta bara waccan, tun daga nan take harbi gefe."

Marlene ta ɗaga ta, ta leƙa cikin bakin, ta ajiye.

"Delbert, da bindigar nan ubanka ya ciyar da ku har kuka girma. Akwai abin da ke karkace kam, amma a bayan ƙota yake tsayawa."

Wani ya yi tari. Wani ya juya yana duban silin. Delbert ya kumbura kamar talo-talo.

"Haka kika ce? To riƙe ta, na ba ki kyauta. Kuma ku shaida, ƙafata ba za ta ƙara taka daɓen shagon nan ba. Zan tsallaka iyaka in sayo bindigar gaske a wurin mutanen da suka san daraja. Da ita zan kayar da Sanata, a kan idonki."

Sanata wani ƙaton namijin barewa ne mai ƙaho kamar an ɗora masa kujera a ka. Mun sa masa sunan ne domin sau ɗaya ake ganinsa a shekara, shi ma daga nesa.

"Allah ya kiyaye hanya," in ji Marlene. "Ka ja mini ƙofar, sanyi."

Garinmu a gindin jihar Pensilbaniya ta ƙasar Amurka yake, tafiya kaɗan ka faɗa jihar Birjiniya ta Yamma. A can Delbert ya ga hoton bindigar da ta tafi da hankalinsa, a shagon wani dattijo mai suna Harlan. Washegari ya zo shagon kofi na Dot, inda muke karin safe, ya ɗora waya a tsakiyar tebur ya buɗe murya don kowa ya ji yadda manya ke ciniki.

"Yallaɓai Harlan? Delbert Yanko ke magana. Bindigar nan mai jar ƙota nake so. Ka naɗe ta ka sa a gidan waya, a kawo mini har ƙofa. In ba na nan a ajiye a bayan tukunyar fure."

Muryar tsoho ta fito daga wancan gefen.

"Daga ina kake kira, bawan Allah?"

Delbert ya faɗa masa.

"To ai ba takalmi ba ne. Ba a aika wa mutum bindiga gida daga wata jiha. Hanya biyu ce. Ko ka zo da ƙafarka mu ga juna ido da ido, ka cika takarda, in kira hukuma a duba ka, kuma cinikin ya dace da dokar jiharmu da ta jiharku. Ko kuma in aika wa mai lasisi a jiharku, ka je wurinsa ka karɓa."

Delbert ya kashe wayar, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Kun ji ko? Gwada shi na yi. Ya san aikinsa."

"Bayan tukunyar furen ma gwaji ne?" in ji Dot tana zuba masa kofi.

"Ke dai kawo fanke."

Ni ya ɗauka rakiya, domin ni ne maƙwabcinsa, kuma ni kaɗai ban yi saurin ƙirƙiro uzuri ba. Muka hau a-kori-kurarsa. Tun daga gari har gada yana karanta mini dokar ƙasa, sashe-sashe, wasu sassan ina kyautata zaton a kan gadar aka haife su.

Shagon Harlan ƙarami ne, yana warin mai da tsohon katako. Harlan kansa wani siririn tsoho ne da tabarau a kan karan hanci. Ya sauko da bindigar. Gaskiya kyakkyawa ce. Delbert ya rungume ta kamar jaririya, ya saita kan barewar da ke rataye a bango, ya ce "fau" da baki.

"Wannan ka same shi," na ce.

Harlan ya ɗan yi gyaran murya. "Barewa za ka harba da ita? Domin ka san dai a jiharku..."

Delbert ya ɗaga hannu. "Dattijo, da girmanka. Ka sayar da bindiga, ni ka bar mini dokar jiharmu. A kotu na zauna."

Harlan ya dube shi ta saman tabarau, ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa. "To kawo lasisin tuƙi."

Delbert ya wurga shi a kan kanta kamar mai buga karta. Harlan ya ɗauka, ya kai kusa da ido, ya kai nesa, ya juya.

"Wannan ai ya mutu."

"Wa ya mutu?"

"Lasisin. Tun ranar haihuwarka ta bara. Ba zan iya karɓar mataccen shaida ba."

"To hoton ba ni ba ne? Dube ni, dubi hoton. Na mutu ne?"

"Kai kana nan da ranka, har ya yi yawa. Takardar ce ta rasu." Harlan ya miƙa masa. "Wa ya tuƙo ku ma?"

Delbert ne fa ya tuƙo mu. Ni dai na miƙa hannu, Delbert ya saka mini makullin mota ba tare da ya dube ni ba.

Na ɗauka gida za mu. Ina! Muna fita ya ce in karya kwana, ai ƙanin matarsa Virgil a nan jihar yake zaune, bayan wancan tudun. Virgil dattijon coci ne, mai kiwon kaji, mutumin da in ya tsinci kwabo a titi sai ya bi gida-gida yana cigiya. Muka same shi yana watsa wa kaji hatsi.

"Suruki, abu ne mai sauƙi," in ji Delbert. "Kai ɗan jihar nan ne, lasisinka da rai. Ka shiga ka saya kamar taka ce, ka fito ka miƙo mini. Kada ka nuna ka san ni."

"Hakan ya halatta?" in ji Virgil.

"Wa ya zauna a kotu, ni ko kai?"

Muka koma. Aka shirya cewa ni da Delbert za mu zauna a mota. Virgil na shiga, Delbert ya fara mutsu-mutsu. Can ya ce ai Virgil bai san bindiga daga tsintsiya ba. Ya sauka ya leƙa ta taga. Bai gamsu ba. Ya lallaɓa ya shiga, ya ɓuya a bayan rigunan farauta da ke rataye, da jar hularsa mai ƙyalli tana leƙowa ta sama kamar fitilar kan hanya. Ni ma na bi, domin irin wannan ba a barin a ba ka labari.

Virgil yana tsaye yana nuna wata baƙar bindiga.

"Ba waccan ba!" in ji rigunan farauta. "Mai jar ƙota!"

Harlan bai ko juya ba. Ya sauko da mai jar ƙota, ya shimfiɗa takarda a gaban Virgil, ya ɗora yatsa a tambayar farko.

"Nan ana tambaya ne, kai ne ainihin mai sayen bindigar nan? Wato don kanka kake saye?"

"Ni?" in ji Virgil. "Me zan yi da ita? Ni ko kazata matata ke yanka mini. Ta Delbert ce. Ga shi can cikin riguna."

Delbert ya fito yana kakkaɓe kafaɗa kamar dama can sayen riga ya kawo shi.

Harlan ya naɗe takardarsa a hankali. "Bawan Allah, ka gode wa surukinka. Da ya ce e a wurin nan, da ku biyu kun sami masauki kyauta na shekaru, har da abinci. Sayen bindiga da sunan wani don a kauce wa bincike laifi ne babba."

Virgil ya dafe ƙirji ya nemi kujera.

"To tsaya," in ji Delbert. "Ai ni ma ɗan jihar nan ne in an bi diddigi. Ina da gida a nan. Virgil, gaya masa. Ɗakin nan nawa mai taya da ke bakin rafinka."

"Kana kwana a ciki?" in ji Harlan.

"Kajina ne ke kwana a ciki," in ji Virgil. "Tun da ƙofar ta cire."

"To in kajin suna son bindiga su zo da lasisinsu."

A hanyar dawowa Delbert bai karanta mini doka ba. Sai da muka hau gada ya ce, "Ka lura da yadda ya tsorata da ni?"

Sabunta lasisi ya ci masa kwanaki. Da sabon ya fito, hoton ya nuna shi baki buɗe, yatsa a sama, domin yana cikin yi wa mai ɗaukar hoton bayanin doka aka danna. Muka sake tsallaka gada. Wannan karon ya ajiye lasisin a hankali, da hannu biyu.

Harlan ya duba. "Wannan da ransa. Har magana yake yi."

"To miƙo bindiga."

"A'a."

"Kamar yaya a'a? Doka ta yarda! Ido da ido, ga ni, ga ka!"

"Doka ta yarda in miƙa maka, ba ta ce dole ba. Mutumin da ya ɓuya a cikin rigunana yana ba surukinsa umarni, ba zan damƙa masa bindiga da hannuna ba. Lasisina nake ci da shi. In kana so, ka biya, in aika wa mai lasisi a jiharku. Can su san ka, su duba ka, su ba ka."

Delbert ya yi tsalle, ya dire, ya ambaci kundin tsarin mulki, ya ambaci kakansa da ya yi yaƙi. Harlan yana ta goge tabarau.

"Wane shago zan aika wa?"

"Ko wanne! Wanda ya fi kusa da gidana! Ni dai ta iso kafin a buɗe farauta!"

Na buɗe baki zan yi magana. Sai na tuna an ce a bar masa dokar jiharmu. Na rufe.

Ranar bikin godiya ga Allah da muke yi duk shekara, gidansu cike da dangi, an sa talo-talo a tsakiyar tebur, Delbert yana tsaye da wuƙa yana ba da labarin yadda ya durƙusar da wani dillali a tsallaken iyaka. Noreen matarsa ta shigo da kwanon dankali.

"Af, na manta. Marlene ta bugo. Ta ce wani dogon kwali ya iso shagonta da sunanka."

Wuƙar ta tsaya a cikin cinyar talo-talo.

"Shagon wa?"

"Shagon da ya fi kusa da gidanka, maigida. Ta ce ka zo da ƙafarka."

Da farko ya aiki Noreen. Marlene ta ce mai suna a kwali shi zai cika takarda. Ya buga waya ya ce a miƙo masa ta taga. Marlene ta ce ita a kan kanta take aiki, ba a taga ba, ba ta sayar da ƙosai. Ya ce ta mayar wa wani shagon a gari na gaba. Ta ce da murna, sai dai motar kaya ba za ta zo ba sai bayan an buɗe farauta.

Jajibirin buɗe farauta, da hantsi, ya ƙwanƙwasa mini ƙofa.

"Gus, baronka na nan?"

"Yana nan. Taki na kwasa da shi jiya."

"Ɗauraye shi. Me na rantse? Na ce ƙafata ba za ta taka daɓen shagon ba. Ban ce ba zan shiga ba."

Ban san wanda ya baza labari ba. Ni dai Dot kaɗai na gaya wa. Amma da muka iso, shagon Marlene ya cika har waje. Duk 'yan bukka suna nan, da Baba Elmer a kan kujera da lofensa a baki. Virgil ma ya tsallako. Akwai waɗanda ba su taɓa riƙe bindiga ba, ranar suka tuna suna bukatar igiyar takalmi.

Delbert ya zauna a cikin baro, ya harɗe hannu, ya ɗaga ƙafafu sama, ya ce in tura. Mutane suka buɗa mana hanya. Wani ya cire hula kamar gawa ce ke wucewa. Delbert ba ƙaramin mutum ba ne, kuma ƙofar Marlene tana da ɗan tudu a dokinta. Na ja baya, na taho da gudu. Tayar ta daki tudun ta tsaya cak. Delbert bai tsaya ba. Ya tafi da ciki a kan daɓe, suuu, har gindin kanta, ya kwashe tulin gwangwanayen man bindiga a hanya.

Yana kwance, gwangwanaye na ta gangarawa, ya ɗaga ƙafafunsa ta baya kamar jariri.

"Ku shaida!" ya ce daga ƙasa. "Ƙafa ba ta taɓa ba!"

Marlene ta leƙo ta saman kanta. "Sannu da zuwa, Delbert. Komai naka ya taka daɓena ban da ƙafa. Za ka cika takardar a kwance ne, ko in kawo maka matashi?"

A durƙushe a kan wata kujera ya cika ta. Marlene ta duba lasisi, ta duba fuskarsa, ta ce ya ɗan buɗe baki ta tabbatar shi ne. Ta kira hukuma, aka ce ba shi da laifi, abin da ya ba wasu mamaki. Sannan ta buɗe kwali.

Nan fa Delbert ya dawo Delbert. Ya ɗaga bindigar sama, jar ƙotar tana walƙiya.

"Ku kalla da kyau, domin ba ku saba gani ba. Irin naku, in kun harba sai kun tsaya kun ɗana, kafin nan barewa ta kai wata jiha. Wannan da kanta take ɗana kanta. Ja kunama kawai, fau, fau, fau. Ko da na kuskure na farko, abin da ba zai faru ba..."

Ya lura kowa ya zuba masa ido. Baba Elmer ya zare lofe daga baki.

"Ɗan Yanko. Me ka ce take yi?"

"Ɗana kanta, Baba."

"A wane daji za ka shiga da ita?"

"Namu mana. Kujerar Sama."

Baba Elmer ya mayar da lofe. Ya bar wa Marlene.

"Delbert," ta ce, da wata murya mai laushi da ban taɓa jin ta da ita ba, "saye, doka ta yarda. Ajiyewa, ta yarda. Ka harbi gwangwani da ita daga safe har yamma. Amma a jihar nan ba a harbin barewa da bindiga mai ɗana kanta. A can inda ka sayo ta ana yi. A nan, malamin daji ya gan ka da ita a kan itace, sai ya raba ka da ita, ya haɗa da lasisin farautarka."

"Ai mutumin can ya so ya gaya maka," in ji ni. "Ka ce a kotu ka zauna."

Delbert ya dubi bindiga. Ya dubi Marlene. Ya dubi Baba Elmer.

"Itacen nan," ya ce a hankali, "an tabbata a jiharmu yake? An taɓa aunawa?"

Dariyar da aka yi, sai da kan barewar da ke bangon Marlene ya karkace. Delbert ya sauka daga kujera ya fita da ƙafafunsa biyu, a kan daɓen, bai ma lura ba.

Marlene ta bi shi har ƙofa da tsohuwar bindigarsa. "Ga taka. Ara maka zan yi, gobe kaɗai."

"Karkatacciya? Riƙe abarki."

Ni ma na ce zan ara masa tawa ta biyu. Ya ƙi. A mota na ga idonsa ya fara wannan ƙyallin da na sani, na ce a raina yau ma mun shiga uku.

"Gus, me ƙa'idar bukka ta ce? Wanda ya kuskure. To wanda bai harba ba fa? Ya kuskure?"

"A'a."

"Shi ke nan. Gobe zan hau Kujerar Sama hannu rabbana. Ba harbi, ba kuskure. Kujera tana nan a hannuna har baɗi. Marlene ta ci gaba da zama cikin lakarta." Ya buga sitiyari. "Wannan ita ake kira doka."

Gaskiya ni ma ban ga ɓaraka a ciki ba, abin da ya ɗan dame ni.

Da asuba dusar ƙanƙara ta rufe dajin fari fat. Kowa ya kama mazauninsa. Delbert ya hau itacensa da bargo da burodi da babban filas ɗin kofi na Noreen, mai ruwan shuɗi. Ni mazaunina yana kan tudu, ina hango shi. Rana ta ɗan ɗaga ke nan, sai ga Sanata.

Ban taɓa ganinsa kusa haka ba. Ya taho a hankali kamar mai duba gonarsa, ya zo daidai gindin itacen Delbert ya tsaya. Ya kakkaɓe kunne. Ya ci ɗan ganye. Ya juya ya ba da haƙarƙari, ya sake juyawa ya ba da ɗaya gefen, ko da wancan bai yi ba. Na rantse har ɗaga kai ya yi ya dubi Delbert, ya dubi hannuwansa, ya ci gaba da kiwo. Da Delbert ya miƙa ƙafa da ya taɓa ƙahon.

Ina kallon Delbert yana ta juye-juye a kan dakali. Ya ciji hula. Ya ɗaga hannu wofi ya saita. Ya dubi sama kamar mai neman bayani. Sanata ya kwanta.

A nan ne Delbert ya miƙe, ya ɗaga filas, ya wurga da iya ƙarfinsa.

Sanata ya zabura ya gangara kwari da gudu, hanyar da barewa ba ta taɓa bi ba tun da aka halicci dajin, kai tsaye cikin laka. Can muka ji harbi. Ɗaya tak.

Da yamma an rataye Sanata a gaban bukka, mutane na ta auna ƙaho da hannu. Marlene tana zaune a bakin murhu tana goge tsohuwar bindigar Delbert.

"Ta ɗan karkace kam," ta ce da ya shigo. "Sai da na saita daidai inda nake so ta samu."

Baba Elmer ya zaro wuƙa ya fara wasa ta a tafin takalmi. Delbert ya ɗaga yatsa.

"Baba, kafin a yi nisa. Ban harba ba. Kowa shaida ne, ko bindiga ban hau da ita ba. Wanda bai harba ba bai kuskure ba. Kujera tawa ce."

"Haka ne," in ji Baba Elmer. "Wanda bai harba ba."

Marlene ta sa hannu a jakarta ta fito da filas mai ruwan shuɗi, ya lotse a gefe, ta ajiye a tebur.

"Na bi sawun Sanata baya don in ga abin da ya koro mini shi. Na tsinci wannan."

"Faɗuwa ya yi," in ji Delbert. "Hannuna ya yi sanyi."

"A tsallaken rafi na tsince shi."

"Ya gangara."

"A saman reshe."

Baba Elmer ya juyo gare ni. "Gus, kana kan tudu. Me ka gani?"

Delbert ya dube ni da idon maƙwabtaka. Na tuna baro, na tuna bayana da har yanzu yake ciwo.

"Baba, ni dai na ga barewa a kwance a gindin itace, ta gabas. Na ga filas ya tashi ya yi yamma."

Baba Elmer ya zuƙi lofe yana tunani, domin shi mutum ne mai adalci.

"Ka nufi barewa da wani abu?"

"Baba, a fassarar doka..."

"Ka same ta?"

Delbert ya dubi filas ɗin da ke tebur.

"Uku ke nan. Marlene, baɗi ki zo da matashi, katakon yana da tauri. Juyo, ɗan Yanko."

Delbert ya juya. Baba Elmer ya ɗaga masa babbar riga yana laluben jela, ya laluba, ya sake lalubawa. Babu. An riga an yanke ta tun wata shekarar. Ya duba ta ciki, ita ma guntuwa ce. Aka tsaya cirko-cirko, domin ba a taɓa samun wanda jela ta ƙare masa ba. Marlene ce ta tashi ta ɗauko guduma da doguwar ƙusa.

Filas ɗin yana nan a bango har yau, a tsakiyar jelolin Delbert. Noreen ta zo karɓa, ta tsaya ta kalle shi, ta ce a bar shi, nan ya fi dacewa.

Delbert yanzu a kwari yake zama, cikin laka. In ka same shi a shagon Dot zai gaya maka cewa shi ya kora wa Marlene Sanata da gangan, dabara ce ta tsofaffin maharba, ba kowa ya san ta ba. Mai jar ƙota kuwa tana rataye a saman murhun gidansa, ko sau ɗaya ba a harba ta ba. Duk baƙon da ya shigo sai ya kai shi gabanta ya cire hula.

"Ka ga wannan? Daga tsallaken iyaka na sayo ta, da ƙyar. Duk faɗin jihar nan ita kaɗai ce bindigar da ba ta taɓa kuskure ba."

In na ƙara ko da gishiri kaɗan a labarin nan, ga bayana, ga wuƙar Baba Elmer.